An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Wa'adin Musayar 'Yan Ƙwallo

Wani marubucin wasanni daga Birnin Kudu, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, ya yi rubutu yana kira da a soke wa'adin saye da sayar da 'yan ƙwallo a Najeriya baki ɗaya. Tun da rubutun ya fita ake ta jan maganar a gidajen kallon ƙwallo daga Zandam har Sara da Basirka, kuma yawancin samarin da na ji bakinsu suna bayansa. Ba abin mamaki ba ne. Malam ya iya jera zance, kuma ya taɓa inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda zan iya kawo shi ba tare da na rage masa ƙarfi ba. Ƙwallo sana'a ce, ɗan wasa kuma ma'aikaci ne kamar direba ko birkila, saboda haka babu dalilin da zai sa a ce ba zai sauya ubangida ba sai a wasu makonni da wasu mutane suka yanke a ofis. Ƙungiyoyinmu ba sa biyan albashi, sai ga doka ta ɗaure yaro a hannun wanda ya hana shi haƙƙinsa har sai an buɗe kasuwa. Yaron ƙauye, irin namu na Gwaram, kafin labarin gwaji ya iso masa, kafin ya haɗa kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, an rufe rajista. Wa'adin kansa kayan aro ne daga Turai, kuma ko a can hauka yake haifarwa a ranar ƙarshe. Ya rufe da cewa gasanninmu na gida, kofin Sallah da kofin 'yan siyasa, ba su san wani wa'adi ba, ga su nan filin yana cika. Maganinsa: a bar kasuwa a buɗe daga Muharram zuwa Zulhajji, mai so ya saya, mai so ya tafi.

Ciwon da ya zayyana gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Maganin ne nake cewa zai ƙarasa majinyacin.

Mu fara da kasuwa, tunda shi ya kawo ta. Malam, wace kasuwa ce a ƙasarmu take ci kullum? Ta Sara tana da ranarta, kowace kasuwar ƙauye da ke kewaye da mu tana da tata. Mai akuya ɗaya yana jiran ranar ne saboda a ranar masu saye suke taruwa, wannan ya taya, wancan ya ƙara, ya san darajar abin da ya riƙo. Wanda yake bin gida gida ranar da ba ta kasuwa ba, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko akwai na sayarwa, kowa ya san ko wane ne, kuma kowa ya san gidan da yake nufa: gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Idan aka buɗe cinikin 'yan wasa shekara zagaye, dillali ne zai yi Sallah. Zai jira watan da yaro ya kwana uku da yunwa a sansani, ya lallaɓo da takarda da biro. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma wa zai saya a tsakiyar kaka? Wanda yake da kuɗi a tsakiyar kaka. A ƙasar da yawancin ƙungiyoyin firimiya mallakar gwamnatocin jihohi ne, wannan na nufin ƙungiyar da gwamnanta ya farka da son kofi, ko ya ji tsoron kunyar faɗuwa ana dab da zaɓe. Jigawa Golden Stars ta hau firimiya a 2019, ta sauko a 2021 tare da Adamawa United da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah. Duk wanda ya bi ta a waɗannan shekaru ya san ba da aljihu take gogayya da Enyimba ko Rivers United ko Kano Pillars ba. Abin da ƙaramar ƙungiya take da shi shi ne ta haɗa yara tun farkon kaka, koci ya zauna da su, su san ƙafar juna. To a ce babu wa'adi. Ɗan wasan gabanta ya ci ƙwallo bakwai a wasa goma, sai ga babbar ƙungiya ta zo ta ɗauke shi ana saura mako guda su kara. An saya ne don a yi amfani da shi, ko don a cire wa abokin hamayya haƙori? Malam bai ce komai a kan wannan ba, alhali shi ne dalilin farko da ya sa aka ƙirƙiro wa'adi.

Abin ba sabo ba ne. A watan Fabrairun 1905 Middlesbrough ta Ingila tana dab da faɗuwa, sai ta zuba fam 1,000 ta sayi Alf Common daga Sunderland, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan ƙwallo ba kafin nan, kuma ta tsira. Surutun da ya biyo baya shi ne dai wanda muke yi yau: shin wasa ake yi ko gwanjo? Ingilar da ake cewa ta yi shekaru aru-aru ba ta da kasuwar bazara da ta Janairu, ita ma a wancan lokacin tana rufe rajista a ƙarshen Maris don kada a sayi kofi a wasannin ƙarshe. Tsarin kasuwa biyu a shekara ya zama dole ne daga kakar 2002 zuwa 2003, bayan FIFA ta daidaita da Tarayyar Turai a 2001.

Batun cewa kayan aro ne daga Turai ba zan daɗe a kansa ba. Ƙwallon kanta daga ina ta zo? Bugun fenareti a Kila aka ƙirƙiro shi? Idan za mu mayar wa Turawa kayansu, mu haɗa da raga da usur da jan kati, mu koma langa, wadda ita ma tana da dokokinta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta bashin albashi, kuma a nan nake so mu zauna. Gaskiya ne 'yan wasan Najeriya suna bin ƙungiyoyi bashi na wata da watanni. Mun ga 'yan wasa sun yi zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati a Jalingo da Fatakwal suna neman haƙƙinsu. Fiye da shekara goma da suka wuce hukumar LMC, wadda ta riƙe gasar kafin a rushe ta a 2022, ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 150,000 a wata, a takarda. Tsakanin takarda da aljihun yaro akwai tafiya mai nisa. Amma wace doka ce ta ce wanda ba a biya ba ya zauna daram sai an buɗe kasuwa? Na duba, ban gan ta ba. Abin da ke cikin dokokin FIFA akasin haka ne. Tun watan Yunin 2018 akwai sashe na 14bis, wanda ya ce idan ƙungiya ta riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15, ba ta biya ba, to yana da hujjar tsinke kwantiraginsa. Sashe na 6, wanda shi ne ya kafa wa'adin, shi ne kuma ya ba hukumomin ƙasashe damar yi wa irin wannan ɗan wasa rajista ko da an rufe kasuwa, haka ma wanda kwantiraginsa ya ƙare kafin a rufe. Wato ƙofar da Malam yake so a rushe katanga don a samu, tana nan a jikin katangar. Makullin ne yake hannun mutanen da ba sa son buɗewa.

Akwai kuma sashe na 12bis, wanda ya fi ba ni sha'awa. Ƙungiyar da bashi ya wuce kwana 30 a kanta, aka yi mata gargaɗi a rubuce da wa'adin kwana 10 ta yi kunnen uwar shegu, ana iya cin ta tara, ana iya hana ta ɗaukar sababbin 'yan wasa na kasuwa ɗaya ko biyu. Ka lura da ma'aunin hukuncin: da kasuwa ake ƙirga shi. Shugaban ƙungiya ba ya tsoron takardar gargaɗi, ba ya tsoron tarar da ba daga aljihunsa za ta fita ba. Abin da yake hana shi barci shi ne a buɗe kasuwa takwarorinsa suna saye shi hannunsa a ɗaure, magoya baya suna zaginsa a rediyo. Bulalar da ta rage a hannun ɗan wasa ke nan, kuma Malam, cikin tausayin ɗan wasan, yana neman a karya ta.

Me ya sa bulalar ba ta aiki a nan? Ga inda jakin yake. Kotun FIFA tana sauraron rikicin da ya haɗa ƙasa da ƙasa ne. Ɗan Ghana ko ɗan Nijar ko ɗan Kamaru da yake wasa a ƙungiyar Najeriya, idan aka cinye masa albashi, zai kai ƙara can, kuma ƙungiyar za ta biya ko a rufe mata rajista. Yaron Gwaram da suke kwana ɗaki ɗaya da shi, wanda aka cinye wa albashin watanni iri ɗaya, ba shi da wannan hanya. Shi sai kwamitin sasanci na gida, sai jiran ranar zama, sai jiran a aiwatar da hukuncin idan an yanke. Baƙo yana da gata a gidanmu fiye da ɗan gida. Wannan shi ne abin kunyar da ya cancanci shafi guda a jarida. Soke wa'adi ba zai sa kwamitin ya zauna ba, ba zai sa kwamishinan kuɗi na wata jiha ya saki fayil ba.

Sannan a ce yaron ya samu 'yancin tafiya kowace rana. Ina za shi? Ahmed Musa ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya a watan Oktoban 2020. Kyaftin ɗin Super Eagles ne a lokacin, mutumin da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, babu kwantiragin da ya ɗaure shi, babu wanda zai nemi ko kwabo a kansa. Sai watan Afrilun 2021 ya sa rigar Kano Pillars, kafin ya wuce Fatih Karagümrük ta Turkiyya a watan Yuli. Idan mai wannan suna ya yi kusan rabin shekara yana jira, yaron da ya bar ƙungiyar rukuni na biyu cikin fushi a tsakiyar kaka, wa yake jiransa da hannu biyu? Ƙungiyar da za ta karɓe shi ta san ba shi da zaɓi, kuma farashin mara zaɓi za ta ba shi.

Kuma kada mu manta, ƙofar da ba ta rufuwa ta kowa da kowa ce. Idan ɗan wasa zai iya tafiya kowane mako, ƙungiya ma za ta iya kawo madadinsa kowane mako. A yanzu ma mun san yadda ake yi: a sha kashi uku a jere, a kori koci, sabon koci ya zo da yaransa a mota, a ce wa goma sha biyu su tattara jakunkunansu. Abin da yake taƙaita wannan ɓarna zuwa sau biyu a shekara shi ne wa'adin. Wanda ya karye a watan Nuwamba, ana haƙuri da shi ne saboda ba a iya maye gurbinsa sai an buɗe kasuwa. Cire wa'adin, ka ga ko zai kwana a sansani.

Tunda Malam yana son misalin ƙasashen waje idan sun yi masa daɗi, bari in kai shi inda bai leƙa ba, wato wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙwallo da sanda. Ba wasanmu ba ne, ni ma ban ce a kawo shi filin firamare na Zandam ba. Na kawo shi ne saboda 'yan wasansa suna cikin ma'aikatan da suka fi kowa ƙarfi a duniyar wasanni, kuma ba su samu ƙarfin a sadaka ba. A da, ƙungiya tana riƙe ɗan wasa har iya rayuwarsa ta wasa, ta sayar da shi ranar da ta ga dama. A watan Oktoban 1969 St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood ga Philadelphia Phillies bayan ya yi mata kaka 12. Ya ƙi zuwa, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, sana'arsa ta mutu a kan haka. Sai a watan Disamban 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke hukunci a shari'ar Andy Messersmith da Dave McNally wanda ya karya tsohon tsarin. To da 'yan wasan suka yi nasara, ƙarƙashin jagoran ƙungiyar ƙwadagonsu Marvin Miller, me suka nema? Sun ce a bar kowa ya watse kowace rana? Ko kusa. Sun amince mutum ya zama mai 'yancin kansa bayan shekara shida a babbar gasa, sannan shekara da shekaru suna ciniki da masu ƙungiyoyi har aka cika lokacin hutun kaka da ranaku.

Dubi ranakun, ka dubi wuyan da suke hawa. Da an gama wasan ƙarshe na World Series, wato wasannin cin kofinsu na ƙarshen kaka, ƙungiya tana da kwana biyar kacal ta yanke shawara a kan wanda kwantiraginsa ya ƙare: ko ta yi masa tayin shekara guda a kan farashin da tsari ya yanka, wanda a 2024 ya kai dala miliyan 21.05, ko ta bar shi. Bayan kwana biyar ɗin kowa na iya zawarcinsa. A tsakiyar Nuwamba akwai ranar da dole kowace ƙungiya ta bayyana mutum 40 da ta riƙe. Matashin da ya yi shekara huɗu ko biyar a ƙananan ƙungiyoyinta, gwargwadon shekarunsa lokacin da aka ɗauke shi, idan ba ta sa shi cikin 40 ɗin ba, wata ƙungiya tana iya ɗauke shi a watan Disamba a kan dala 100,000, da sharaɗin ta ajiye shi a babbar tawaga kaka guda cur ko ta mayar da shi. Ma'ana ba ka isa ka ɓoye yaro a bayan gida kana hana shi ci gaba ba. Kafin Nuwamba ya ƙare kuma akwai wata ranar: duk wanda ƙungiya take da iko a kansa, ko ta miƙa masa kwantiragin baɗi, ko ya zama mai 'yanci a daren nan. Babu "ka ɗan jira Alhaji ya dawo daga Abuja". Babu "muna duba lamarinka".

Duk waɗannan ranaku mai ƙungiya suke shaƙewa. Shi ake tilasta wa ya buɗe baki ya ce ina so ko ba na so, tun da sauran lokaci, don wanda ba a so ya nemi wani wuri kafin guraben su cike. Kwatanta da namu, inda yaro zai koma sansani bayan hutu, ya yi wata guda yana atisaye, ana saura kwana biyu a rufe rajista a liƙa takarda a bango ya duba bai ga sunansa ba. Shi wannan yaron rashin wa'adi ne ya kashe shi: babu ranar da aka wajabta wa ƙungiyarsa ta sallame shi.

Zan ba Malam abin da yake nasa. A besbol ɗin babu ranar da aka ce wanda ba shi da ƙungiya dole ya sa hannu kafin ta. Masu ƙungiyoyi sun nemi a sa, ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi, saboda ta san agogo a kan mai neman aiki makami ne a hannun mai ɗauka. Shi ya sa Manny Machado ya kai watan Fabrairun 2019 kafin ya karɓi dala miliyan 300 daga San Diego, Bryce Harper ya ƙara jan rai ya karɓi miliyan 330 daga Philadelphia ana dab da fara kaka. A kan wannan ni da Malam bakinmu ɗaya: wanda ba shi da ƙungiya, kada a rufe masa ƙofa. Amma su ɗin dai suna rufe musaya tsakanin ƙungiyoyi a kusan ƙarshen Yuli, kuma wanda bai shiga ƙungiya kafin 1 ga Satumba ba, ba zai buga mata wasannin cin kofi na ƙarshe ba. Mutanen da suke biyan ɗan wasa ɗaya, Juan Soto, dala miliyan 765 ba su yarda a sayi kofi a makon ƙarshe ba. Mu da ake bin mu albashin wata uku mu ne za mu yarda?

A ƙwallon ƙafa ma haka tarihin yake. Jean-Marc Bosman bai kai ƙara don an rufe kasuwa ba. Kwantiraginsa da RFC Liège ya ƙare a 1990, ƙungiyar ta zabge masa albashi, ta kuma hana shi tafiya Dunkerque ta Faransa sai an biya ta. Hukuncin 15 ga Disamban 1995 cewa ya yi wanda kwantiraginsa ya ƙare ya tafi kyauta. Ranar ƙarewar kwantiragi, wadda ita ma wa'adi ce, ita ta zama ranar 'yanci, har doka ta ba ɗan wasa damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya idan saura wata shida nasa ya ƙare. Nawa ne cikin 'yan wasanmu na rukuni na biyu da na uku suke da kwafin kwantiraginsu a hannu, balle su san ranar da zai ƙare? A nan ma an bar jaki.

Haukan ranar ƙarshe kuwa, na yarda abin dariya ne. Mun kalli Peter Odemwingie, tsohon ɗan Bendel Insurance, ya tuƙo mota zuwa filin QPR a daren 31 ga Janairun 2013 ba tare da West Brom ta sallame shi ba, aka bar shi a waje. Mun ga takardun David de Gea sun makara a 2015, tafiyarsa Real Madrid ta rushe. Adrien Silva ya yi zaman wata huɗu a Leicester a 2017 saboda daƙiƙa 14. Amma dokar FIFA tana ba da har mako 12 a babbar kasuwa, jimillar mako 16 a shekara. Wanda aka ba kusan wata uku ya tsaya sai ƙarfe goma sha ɗaya na daren ƙarshe, agogo ne ya cuce shi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura yaron ƙauye da labari ba ya iso masa. Wannan ya fi taɓa ni, don yaranmu ne, muna ganinsu da yamma suna buga ƙwallo ba takalmi a filin da ake nomawa da damina. Sai dai abin da yake cutar da su shi ne ranar ba ta da tabbas. Duba yadda aka riƙa fara gasar firimiyarmu: Disamba a 2020, Disamba a 2021, Janairu a 2023 da gajeriyar gasa, ƙarshen Satumba a 2023 bayan ɗagawa kan ɗagawa, ƙarshen Agusta a 2024. A 2018 ma a wasa na 24 aka tsayar da ita. Rukunin ƙasa kuwa sai abin da hali ya yi. Idan babbar gasa ba ta san watan da za ta fara ba, yaya mai horar da yara a Fagam zai san watan da zai tura yaronsa gwaji? Manomi a nan ya san lokacin shuka ba tare da an aiko masa da takarda ba, saboda lokacin ba ya yawo. A tsayar da rana guda, a maimaita ta shekara biyar, ka ga ko akwai ƙauyen da ba zai haddace ta ba. Idan aka ce kowace rana ranar ɗauka ce, to wanda yake zaune kusa da Ƙofar Mata a Kano, wanda kawunsa ya san wani a hukumar wasanni, shi zai riƙa jin labarin gurbi kafin ya huce. Na Zandam zai ji bayan an cike.

Sai gasanninmu na gida, da Malam ya kafa hujja da su. A nan na yi dariya, don ko dai ya daɗe bai je wasan kusa da na ƙarshe ba, ko kuma yana zuwa ya zauna a rumfar manyan baƙi ya tafi kafin a tashi. Wa bai san sojan haya ba? Yaran unguwa su yi ta fama tun zagayen farko, su sha rana, su sha duka, su kai ƙungiya wasan kusa da na ƙarshe. Ranar wasan sai ga mota daga Kano ko Bauchi ta sauke ƙarti huɗu da ba wanda ya san sunan ubansu a garin, an ce 'yan unguwa ne da suka je ci-rani. Yaran da suka kawo ƙungiyar nan su koma benci suna riƙe wa baƙi ruwa. Ɗaya ɓangaren su shigar da ƙorafi, a tsayar da wasa, a yi jifa, maganar ta kai gaban dagaci, wani lokaci har ofishin 'yan sanda, gasar ta mutu ba a ba da kofi ba. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar kasuwar da ake mana kwaɗayinta, mun riga mun ɗanɗana. Kuma duk mai shirya gasar da ya san abin da yake yi, me yake fara yi? Ya ce kowace ƙungiya ta kawo sunaye da hotuna kafin wasan farko, daga nan an rufe. Ba FIFA ce ta aiko masa ba. Wuya ce ta koya masa.

Matsayina bai canza ba: wa'adin ya zauna, a ƙara masa 'yan'uwa, kuma sababbin su hau wuyan masu ƙungiyoyi. Hukumar gasar firimiya (NPFL) da ta rukuni na biyu (NNL) su sa rana, mako biyu bayan wasan ƙarshe na kaka, da kowace ƙungiya za ta fitar da sunayen waɗanda ta riƙe da waɗanda ta sallama, wanda ba a ambata ba ya zama mai 'yanci a ranar, da takardar sallamarsa a hannu ba tare da ya durƙusa wa sakatare ba. Su sa rana kafin buɗe kowace kasuwa da za a nuna shaidar banki cewa an biya albashi, wadda ba ta nuna ba kada ta yi rajistar ko mai tsaron raga na uku, ko da gwamna ne ya bugo waya. Kwamitin sasanci na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa (NFF) shi ma a ɗaure shi da kwanaki, ƙara ta shiga, hukunci ya fito kafin kasuwa ta gaba ta rufe. Wanda aka riƙe wa albashin wata biyu, da wanda ba shi da ƙungiya, a yi musu rajista ko yaushe.

Malam yana da alƙalami, yana da masu karatu a Dutse da Kano da ni ba ni da su. Ina roƙonsa, ranar da za a buɗe kasuwa ta gaba, ya bi ƙungiyoyi 20 na firimiya da na rukunin Arewa a NNL ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowacce wata nawa 'yan wasanta suke bin ta, ya buga amsar a gefe guda, sunayen sababbin 'yan wasan da ta sayo a ɗaya gefen. Wadda ta ƙi amsawa, ya rubuta cewa ta ƙi.